Motar Robar Kawu

Ranar da Kawu ya cika shekara da rasuwa, matarsa Inna ta miƙo mini gwangwanin madara. A ciki na tarar da ƙaramar motarsa ta roba, a-kori-kura irin wadda ya daɗe yana ja tsakanin Safana da Batsari. Da hannunsa ya harhaɗa ta.

Ni na ɓata ta. Wata rana na ga ta yi datti, sai na goge ta da fetur, yadda muke wanke kayan inji. Jan fentin ya narke a yatsuna, gilashin ya yi fari. Har yau in na ji warin fetur sai gabana ya faɗi.

Kawu ya juya ta, ya yi dariya. “Kai, sarkin fargaba, roba ce fa! Ruwan ɗumi da sabulu take so. Bari a gama girbi mu gyara ta tare.”

Bai kai girbin ba.

Yanzu kullum bayan la'asar ina kanta. Na wanke ta da tsohon burushi, na yanko gilashi daga gorar ruwa, ina shafa fenti da gashin kaza. Sau uku ina kankarewa ina sake shafawa.

Inna ta ce, “Bar ta haka, ɗana, ai ya yafe maka.”

Na ce, “Na sani, Inna. Amma cewa ya yi mu gyara, kuma ni na rage.”

Allah Ya yafe masa kamar yadda ya yafe mini tun ban roƙa ba.