Basira da Dutsen Ƙanƙara

Basira Garba ƴar Dumega ce, ubanta manomin hatsi, uwarta Bafulatana. Da baki biyu ta tashi: Hausa da safe a gona, Fulatanci da marece a rugar kakanninta. Da ta gama lakwal, wato makarantar boko, ta tafi Yamai ta koyi aikin jinya, ta dawo gida.

Shekarar da fari da fara suka haɗu wa ƙasar, wata ƙungiyar agaji ta ɗauke ta awon yara masu tamowa. Ta zaga garuruwan Arewa kaf, duk inda ta sauka sai ta rataya sikeli a reshen gawo, uwaye su yi layi. A wani ƙauye kusa da Ɗan Kassari ta tarar shanu sun shiga gonar wake, manoma da makiyaya sun ja daga. Maigari ya rasa tafinta, ya ce, "Ɗiyata, ke da ke jin bakin kowa, zamna nan."

Ta zauna. Ba ta ƙara wa maganar kowa gishiri ba, sai dai in zagi ya zo ba ta ƙetarar da shi. Kafin la'asar an sha fura a ƙwarya guda.

Daga nan ta shiga bin tsofaffi tana tambayar inda burtalan shanu na dā suka bi, da sunayen rijiyoyi, da waɗanda suka gina su, tana rubutawa. Cikin shekara goma sha ɗaya ta cika littafi tara. Malaman jami'a suka ji labari, aka gayyace ta taro a Tanzaniya kan zaman manoma da makiyaya.

Ta tagar masaukinta ta fara hango Kilimanjaro, kansa fari yana shawagi bisa gajimare kamar ba shi da gindi. Ta tsaya kallo har shayinta ya huce. Mardiyya, wata likita ƴar Agadas da suka zo taron tare, ta ce, "Yaya Basira, mu hau mana."

Shekarun Basira arba'in da shida, kuma ban da dutsen garin Dogon Dutsi ba ta taɓa hawan komai ba. Ta ce to.

Kwana biyar suna bin jagora. Kurmi ya ƙare, ciyawa ta ƙare, sai baƙaƙen duwatsu da shiru. Numfashi ya koma kamar jan guga daga rijiya mai gaba talatin. Wata safiya ta leƙa ƙasa ta ga gajimare kwance ƙarƙashin ƙafarta, fari fat kamar garke yana tuƙa, har ta ji kamar ta kira su da suna ɗaya bayan ɗaya.

Saura tafiyar awa biyu su kai ƙoli, ƙanƙara na ƙyalli a gabansu, sai Mardiyya ta durƙushe. Leɓɓanta sun yi baƙi, maganarta na sarƙewa. Jagora ya ce dole a sauko da ita yanzu.

"Ki ƙarasa, yaya," in ji Mardiyya. "Ki taɓo muna ita."

Basira ta daɗe tana duban ƙanƙarar. Sannan ta saƙala hannun Mardiyya a wuyanta. "Na gan ta, ta gan ni. Tashi mu tahi."

Mardiyya ta warke. Bayan shekara ta haifi ɗiya ta sa mata Basira, kuma har yau dabinon Agadas bai yanke wa gidan Basira a Dumega ba.

Yanzu Basira ta bar aiki, tana zaune a Dumega, gwiwoyinta na ciwo in damina ta kama. In maƙwabta suka tambaye ta yadda can sama yake, sai ta lumshe ido ta ce sanyi ne da haske. Abin da ba ta faɗa musu shi ne, wani lokaci tana tafiya cikin yashi kan hanyar kasuwa, sai ta ji kamar ƙafarta ba ta gama taɓa ƙasa ba.