Mikiro Biyu da Sakson Tsohon Jiratawa

A shekarun da jam'iyyu suka cika Maraɗi, ni aikina ɗaukar sauti ne a wani ɗan ɗaki bayan shagon kaset na yayana a Sabon Gari. Na manna kwalayen ƙwai a bango, na rataya tsofaffin barguna a ƙofa, na kira wurin sitidiyo. Aikin bai wuce waƙoƙin siyasa ba. Da safe mawaƙin wannan jam'iyya ya zo ya zagi waccan, da la'asar na waccan ya zo ya rama. Hankalina ba a kwance yake ba a lokacin. Yau yajin aiki, gobe 'yan lakwal, wato ɗalibai, sun tare hanya, wuta kuma ta ɗauke ana tsakiyar amshi. Kullum ina cewa zan tattara in tafi Kano, kullum gari ya waye ina nan.

Wata hantsi wani dattijo ya shigo riƙe da baƙar akwati ɗaure da igiya. Ya ce daga Jiratawa yake, yana noman albasa a bakin ruwa, amma a ƙuruciyarsa soja ne mai busa. Ya buɗe akwatin, sai ga sakso, kahon tagullan nan mai lanƙwasa, ya dushe duk inda yatsu ke taɓawa.

Na ce, "Baba, wace jam'iyya za a busa wa?"

Ya ce, "Ba ko ɗaya, ɗana." Ya ɗaga leɓensa ya taɓa haƙoransa na gaba, suka motsa kamar turken da ruwa ya ci gindinsa. "Likita ya ce sai an cire su. In anka cire, ni da wanga abu mun rabu. So nike in ji kaina a kaset kafin nan."

Mikiron da nake da shi dinamik ne, ƙarami, baƙi, irin wanda ake riƙewa a wurin mitin. Ya sha faɗuwa ƙasa bai taɓa ciwo ba, kuma ba ya jin komai sai abin da ke bakinsa. Na kafa shi a bakin kahon, dattijon ya busa. A cikin ɗakin, sautin ya cika ni har ciki, mai kauri, mai taushi. Da na mayar da kaset ɗin baya na kunna, sai muka ji wani abu siriri mai tsini, kamar akuya a cikin gwangwani. Ya dubi na'urar, ya dube ni, ya fara goge kahonsa.

Na ce ya ba ni kwanaki kaɗan. Na san inda wani mikiro yake.

Maigidana da ya koya mini aikin tsohon ma'aikacin radiyo ne, ya yi ritaya ya koma Tsibiri yana noman hatsi. A ƙarƙashin gadonsa akwai mikiro mai riban, babba, mai nauyi kamar tabarya. A cikinsa wani ɗan zaren ƙarfe ne tsakanin maganaɗisu biyu, bai kai bawon albasa kauri ba, shi ke rawa in sauti ya taɓa shi. Na hau kabu-kabu na tafi. Na yi ta roƙo har aka kira azahar.

A ƙarshe ya ce, "Ɗauki. Amma ba a hura mishi iska, ba a kwantar da shi, ba a kai shi bakin kaho. Kuma ka sani, kunne biyu gare shi, yana jin gaba yana jin baya. Garinku kuwa ba ya shiru."

Na rungumo shi a ƙirji kamar jariri, ina roƙon mai babur ya kauce wa ramuka.

Gaskiya maigida ya faɗa. Da dattijon ya dawo, na ajiye ribanin taku biyu daga gare shi. Sautin da ya fito a kunnena shi ne ainihin wanda na ji a ɗakin, har numfashin da ke zagaye da shi. Amma a bayansa ga motar wata jam'iyya da lasifika tana kiran mitin, ga masu walda, ga yayana yana gardama da wani kan wa zai ci zaɓe. Mu tsaya, mu jira, mu fara, wata motar ta shigo layi. Na koma dinamik, na matsar da shi gefe, na ɗaga shi sama, na lulluɓe shi da safa. Ya yi ɗan sauƙi, amma tsinin na nan. Na sake komawa riban. Haka na yi ta jujjuya mutumin har na ga yana tofa yawu a ƙyalle, yawun kuma ja ne.

Ya ce, "Ɗana, busar da ta rage mini ba ta da yawa. Kada mu ƙarar da ita wurin gwaji."

Muka yanke shawara mu bar gari. Na yi aron batirin mota, na ɗora kaya a motar masu kayan miya da ke komawa fanko, muka nufi Jiratawa. Ɗakinsa na ƙasa ne, mai kaurin bango, sauti ba ya dawowa da tsini. Na yi murna, amma da na sa abin ji a kunne sai na gane da sauran aiki. Can nesa injin ban ruwa yana gunji. Kurciyoyi na kuka a kan bishiyar bedi. A tsakar gida kuma matarsa tana daka.

Na fita na durƙusa na gaishe ta. Na ce, "Inna, don Allah ko za a ɗan dakata da dakan?"

Ba ta ko ajiye tabaryar ba. Ta ce, "In dakata ku ci mi? Mutum bakinshi na jini, tuwo ma sai an dama mishi, kai kuma ka zo da ƙarafa kana ƙara zuga shi."

Na koma ɗaki. Na'urata hanya ɗaya ce ke aiki sosai, ba zan iya haɗa su biyun lokaci guda ba, shi kuma ba zai iya busa kowace waƙa sau biyu ba. In na sa dinamik, kaset zai fito fes, ba turmi, ba inji, amma ba muryar kahonsa ba ce. In na sa riban, shi ne, amma da duk garin a bayansa, har da shuuu ɗin da na'ura ke yi saboda sai na murɗa ƙarfi har ƙarshe kafin ribanin ya ji. Na ɗauki wannan na ajiye, na ɗauki wancan. Na ce, "Baba, kai za ka zaɓa."

Ya ce, "Ni busa na sani. Kai ka zo da su."

Na tsaya a tsakiyar ɗakin, gumi na bin bayana, batir kuma na cin kansa. Sai na tuna fuskarsa ranar farko, lokacin da ya fara goge kahon. Na kafa ribanin, na juya gefensa wajen taga don ya rage jin injin, na danna jan maɓallin ɗauka.

Ya busa waƙoƙin bikin ƙuruciyarsu, ya busa wata ta masu tafiya ci-rani, ya busa wata da ya ce bai taɓa sa mata suna ba. Tsakanin kowace waƙa sai ya kurkure baki da ruwan gishiri. Turmi bai tsaya ba. A wata waƙar ma na ji dattijon ya rage sauri ya bi dakan, ban sani ba ko da gangan. Muna cikin ta ƙarshe sautin ya karye, iska ta fita ta gefe. Ya cire kahon, ya sa yatsu a baki, ya fito da haƙori ya dube shi. Ya ce, "To, iyakarta ke nan." Inna ta leƙo ta gani, ta juya, ta dawo da ruwan ɗumi a ƙwarya.

Yayana da ya saurara ya ce wa zai sayi kaset da ƙarar turmi, ya tura shi can ƙasan kanta. Da na mayar da ribanin Tsibiri na kunna wa maigida kaset ɗin. Ya ji har ƙarshe idonsa a rufe, sannan ya ce da shi ne, a wuri irin wannan dinamik zai sa, ya gyara tsinin daga baya. Na ce ai na'urata ba ta gyara. Ya ce wannan kuma matsalata ce. Na dawo Maraɗi ina ta sake ɗaukar sautin a cikin kaina, ina matsar da mikiro nan da can.

Bayan an cire sauran haƙoran na koma Jiratawa na kai masa nasa kaset ɗin. Na same shi a cikin albasa, bakinsa ya shige ciki, maganarsa ta zama wata iri. Muka zauna a bakin kwalbati na kunna masa a ƙaramar radiyo. Ya saurara yana kaɗa kai. Da aka zo inda waƙar ta karye, ya ce in mayar baya, ya sake ji.

Can ya ce, "Ɗana, da mun yi da ƙaramin fa? Ƙila da ban busa da ƙarfi haka ba, da na kai ƙarshenta."

Na ce masa ba haka abin yake ba, ƙaramin ma ya fi son a busa da ƙarfi. Ya ce, "Ko?" Bai gamsu ba, na gani a idonsa. Ya tashi ya buɗe wa wani fangali ruwa, ya cika mini buhu da albasa, ya ce in gaida yayana. Na tsaya bakin hanya ina jiran mota, ina ta duba rana, don da la'asar akwai mawaƙin wata jam'iyya da ke jirana.