Azumin yayata da ƙwayar ciwon suga

Bana shekara tara ke nan da muka binne yayata Asabe a Kwoi. Manomiyar citta ce, shugabar zumuntar mata, mai bakin da ba ya raga wa kowa.

Ciwon suga gare ta. A azumin farkon shekara da cocinmu ke yi, takan haɗiye ƙwayarta da safe, ciki babu komai, don kada a ce shugaba ta ci abinci. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi, mata suka kewaye ta da addu'a, babu wadda ta tuna da lemon kwalba.

A asibitin Kafanchan, inda ta rasu, likita ya yi mana bayani. Ƙwayar ba ta san azumi ba. Da ta narke, hanji zai tura ta cikin jini, ta shiga sauke suga, an ci ko ba a ci ba. Ga ƙodar Asabe ta gaji, ba ta fitar da maganin da wuri, sai na jiya ya tarar da na yau.

Yanzu ciwon ya zo kaina. Na san darasin, ina cin abinci kafin magani. Amma a ɓoye nake ci, in goge baki, in tafi coci ina jan ƙafa kamar kowa. Da Asabe za ta leƙo, da ta ce munafurcin ma ban iya shi ba.

A azumin bana Rifkatu, wata gwauruwa mai yara uku da muke karɓar magani tare, ta riƙe hannuna a ƙofar coci.

"Mama, bangaskiyan ki ya ƙarfafa ni. Tun jiya ni ma ina sha magani na ba abinci, kaman ke."

Kunya ta rufe ni, har na kasa kallon idonta. Hannunta na rawa, goshinta duk gumi.

Abin da ya rage mini na Asabe shi ne bakin nan nata, shi na ara. Na ja Rifkatu wurin mai ƙosai a gaban dukan zumunta, na saya mana da kunu. Na gaya mata tun da aka fara azumin nan ban taɓa fitowa gida da yunwa ba. Ta daɗe tana kallona. Sai da ta ga na kai baki, sannan ta ci.