Tankin da Baba Ya Ɗora Sama

Tarin famfo ne ya fara komai. Wata safiyar bazara, shekarar da na shiga aji huɗu, ina wanke-wanke a tsakar gidanmu na unguwar Bolori, sai famfon da ya yi watanni shiru ya yi "kuh, kuh", ya tofo ɗan jan ruwa, ya sake kame bakinsa. Baba, akawu mai son tsari, ya tsaya a kansa da buta a hannu. "Ruwa na nan," in ji shi, "hanyarsa ce ba ta da kyau."

Babu wanda ya kai ni murna, don ni ce mai zuwa rijiyar burtsatse kafin makaranta, kullum kuma sai na sha bulalar makara.

Baba ya shiga gyara haiƙan. Ya sayo sababbin bututu da kan famfo na tagulla, ya sa aka ɗora tanki bisa ginin bulo har ya kusa taɓa reshen dalbejiya, ya shafe shi da koren fenti. Har atisaye ya sa muka yi da bokitai babu ko ɗigo: ni in tara, ƙanena Bukar ya miƙa, Inna ta juye a randa. Inna na yi tana istigfari don kada dariya ta ƙwace mata.

Ranar da hukumar ruwa ta tuna da unguwarmu, ruwan ya iso a gajiye. Maƙwabta sun san halinsa, rami suke haƙawa har su tarar da bututu a ƙasa, su tara kwano. Mu kuwa mun ce sai ya hau sama. Muka kasa kunne a jikin bututun, muna jin yana gurnani yana komawa. Inna ta miƙo min bokiti ba tare da ta dubi Baba ba, na shiga gidan Mama Saratu, matar malamin makaranta, 'yar Biu, na durƙusa a bakin raminta. "Ki gaishe min da injiniya," ta ce. Ranar ma na makara. Tankin dai tantabaru ne suka more shi.

Yanzu 'yan garuwa ke turo mana ruwa har ƙofa, Baba kuma, Allah Ya jiƙansa, ya daɗe da rasuwa. Ina kewar mutumin da ya gyara iya inda hannunsa ya kai. Kwanan baya na ba autata labarin, sai ta ce, "Mama, ai Kaka bai yi laifi ba. Ruwan ne rago."