Chebo da Sitiyarin Don Porfirio

Kafin masu sayar da abincin safe su gama jera tebura a bakin babban titin garinmu Española, Eusebio Maestas ya riga ya ɗaga ƙofar garejinsa, ya ɗora ruwan kofi, ya shimfiɗa farin tawul a kan benci. Chebo muke ce masa. Tawul ɗin ba na goge hannu ba ne, wanda duk ya kuskura ya goge da shi zai sha faɗa har kunnensa ya gaji. A kansa yake jera duk abin da ya kwance daga sandar sitiyari, daga hagu zuwa dama, don kada ya yi lalube idan ya tashi mayarwa.

A garin nan, motar da ba ta kai shekara arba'in ba yarinya ce. Tsofaffin motocin nan masu jan ciki a ƙasa su ne abin alfaharinmu, yawancinsu da sitiyarin da ake ɗagawa sama a sauke ƙasa. Cutarsu ɗaya ce: a kwana a tashi sai sitiyarin ya kama kaɗawa kamar haƙorin da ke shirin fita. Noti huɗu ne kacal ke sakewa can cikin wuyan sandar, amma kafin ka kai gare su sai ka cire sitiyarin, da farantin makulli, da abin sigina, da wani sifirin mai taurin kai da kan yi tsalle ya fasa wa mutum leɓe. Wannan wahalalliyar hanya Chebo ya ƙare ƙuruciyarsa yana bi. Ƙarshen watan nan zai ajiye sufana, shi ya sa na ce ba zan yi shiru ba.

Bara ana saura kwanaki Juma'ar Ista, ranar da kowa ke fito da motarsa a yi ta tafiyar hawainiya har ƙauyen Chimayó, Don Porfirio Quintana ya shigo garejin karo na uku da ciwo ɗaya. A wajenmu "Don" laƙabin girmama dattijo ne. Tsoho ne mai shekara tamanin da 'yan kai, motarsa koriya ce, ya fi kula da ita fiye da yadda yake kula da kansa. 'Yarsa Erlinda ta riga ta yanke hukunci: idan sitiyarin ya sake kaɗawa, za ta karɓe makulli, tuƙi ya ƙare.

"Chebo, hannunka ya mutu ne?" in ji tsohon tun daga cikin mota. "Sau biyu kana ɗaure min abin nan!"

"Hannuna garau yake, Don Porfirio. Har da gam na sa wa notin nan. Ko dai kokawa kake da ita a gida?"

"Kai dai faɗi gaskiya, tsufa ya kama ka."

"To, yaro sabon jini, fito mu gani."

Chebo bai ɗauki ko sukudireba ba. Ya jingina da bango da kofinsa a hannu, ya zuba ido. Tsohon ya buɗe ƙofa, ya sauke ƙafa ɗaya, sannan ya damƙi sitiyarin da hannu biyu ya rataya duk nauyinsa a kai, ya yunƙura da nishi. Sandar ta yi ƙara kamar ta roƙi arziki.

"Ashe!" Chebo ya ce. "Motarka lafiyarta ƙalau. Gwiwarka ce ke kwance min noti."

Don Porfirio ya yi tsuru-tsuru. Duk wasan ya fice daga fuskarsa, abin har ya ba Chebo tausayi. "Don Allah kada ka gaya wa Erlinda," ya ce a hankali. "Idan ta ji gwiwa ce, shi ke nan, sai kujerar ƙofar gida."

"Ƙarya kam ba zan yi mata ba. Amma zauna ka sha kofi, kar ka taɓa min tawul."

Chebo, kai ne wanda ka sake bin wannan doguwar hanya ba tare da tsaki ba, ka ɗaure notin huɗu tamau. Kai ne kuma wanda ka lanƙwasa guntun ƙarfe, ka kafa shi a jikin ginshiƙin ƙofar motar daidai inda hannun tsoho zai kai, ka naɗe shi da koren yadi irin na kujerun, har ya zama kamar da shi aka ƙera motar. Ka sa shi ya shiga ya fita, ya shiga ya fita, yana zaginka kana dariya, sai da hannunsa ya manta hanyar sitiyari. Sannunka, likitan wuyan ƙarfe!

Da yamma Erlinda ta zo. Ta kama sitiyarin ta jijjiga iya ƙarfinta, ko gezau. Sai idonta ya kai kan mariƙin.

"Kawu Chebo, wannan fa?"

"Na kamawa a tashi ne, 'yata. Babanki tuƙi bai gagare shi ba, miƙewa ce ke ba shi wuya."

Ta daɗe tana kallon uban, shi kuwa yana ta nazarin takalminsa. "Baba, shi ne ba ka faɗa ba? Ni fa tsoro nake kada ka kashe kanka a titi."

"To, makullin fa?" in ji tsohon.

"Riƙe abinka. Amma ran Juma'a ni ce a gefenka, kuma Litinin sai asibiti."

"Ka ji ko, Chebo? Na kawo gyara ɗaya, an haɗa ni da biyu!"

Duk mun gan su ran Juma'ar, tsoho ya ɗora gwiwar hannu a taga, 'yarsa tana ɗaga wa mutane hannu kamar motar tata ce. Na yi murna ƙwarai, har sai da na goge ido.

Mun gode, Chebo, Allah ya ba ka hutu mai daɗi da lafiyar cinsa. Ku kuma da za ku gaji sana'ar nan, ku yi koyi da shi. Idan mota ta dawo muku karo na uku, ku ajiye sufana tukuna, ku ce wa mai ita ya fito ku gani.