Mutumin Kaka na Indiya

Da ƙarfe huɗu da kwata na yamma guga ta fito daga rijiyar garinmu da laka. Na san lokacin domin kawuna, mushen lakwal, wato malamin makaranta, ya ba ni riƙon agogonsa zai yi alwala. Alwalar da bai yi ba ke nan. Har yau in na ji warin jiƙaƙƙiyar laka, bakin rijiyar nan nake komawa.

Ƙauyenmu yana ƙasar Kurfai, tsakanin Filinge da Sanam. Ni yarinya ce marar magana, sai karatu. Kawun nan ya bar mini wani tsohon littafin tarihi na Faransanci, a ciki akwai hoton ganuwar wani sarkin Indiya bisa dutse, sojojin Ingila sun kewaye ta da igwa. Bayan la'asar nakan zauna gefen tabarmar Kaka, mahaifin babana, a inuwar aduwa, ina karantawa ina juya masa da Hausa. Yakan ce, "Amarya, taho ki ba ni labarin mutumina."

Igwa ba ta dame shi ba. Shi dai ya ji ko akwai rijiya cikin ganuwar, ko an cika rumbuna kafin a rufe ƙofa, da me ake shayar da dawaki. Ranar da na kai inda ruwa ya ƙare, mutane suka fara faɗuwa, aka buɗe wa Turawa ƙofa, sai ya gyaɗa kai kamar an gaya masa abin da ya daɗe da sani. Na tambaye shi me ya hana sarkin fita da jama'arsa tun hanya tana buɗe. Ya ce in rufe littafi, magariba ta yi.

Shekarar nan hatsi bai yi ba. Maƙwabta suka yi ta ɗora kaya a amalanken jaki. Babana ya durƙusa ya roƙi Kaka mu koma Filinge da damen iri, mu dawo da ruwan farko. A gidanmu, zangarniyar iri ana zaɓenta tun a gona, a rataye damen can ƙololuwar rumbu, ba mai taɓa shi sai mai gida, ranar shuka. Kaka ya ce iri ba ya barin gari, shi ma haka. Babana kuwa ba zai tafi ya bar ubansa ba.

Muka zauna. Muka ci dusa, muka ci anza, wadda ɗacinta ba ya fita sai ta sha ruwa, ga ruwan sai an bi shi nesa da jaki. Da ƙanena ya daina ko kuka, Inna, matar Kaka, ta hau rumbu da rana tsaka, kowa yana kallo, ta sauko da damen. Kaka ya ji ƙarar taɓarya, ya juya fuskarsa ga zana. Bai ga damina ba. Ruwa ya zo mai kyau, ya sauka a gonakin da ba abin shukawa, sannan muka tafi.

Yanzu tarihi nake karantawa a Yamai. Na bi labarin ganuwa da yawa, kowanne ya faɗi yadda aka ci ta, babu wanda ya amsa tambayata. Ƙauyenmu kuwa masu bindiga sun tare hanyarsa, ko mota ba ta zuwa.

A hutun bana na sami Inna a ɗakinta a Filinge, idonta ya tafi. Na daɗe ina murza bakin mayafina kafin in tambaye ta me sarkin nan yake jira.

Ta ce, "Ke da karatunki. Mutumin Kakanki ba gudummawa yaka jira ba, ya san babu mai zuwa. So shikai a rufe shi inda anka rufe ubanai. Mu ko da ke ciki, jira mukai ya gama."