Yadda Kisilu Ya Kai wa Likita Ciwonsa a Buhu

An haifi Kisilu ɗan Ndambuki a Wamunyu, kuma ya riƙe gizago tun yana da shekara tara. Shekara ashirin da biyu muna zaune a rumfa ɗaya, shi yana sassaƙa raƙuman dawa, ni ina sassaƙa giwaye. Saboda haka abin da ke nan ba jita-jita ba ne. Da izininsa na rubuta, kuma da hannuna.

Babban aibinsa shi ne bai iya sassaƙa ƙarya ba. Wani attajiri ya taɓa kawo hoton surukarsa domin a sassaƙa kanta, ya roƙi a rage mata hanci. Kisilu ya ce ba shi ya halicce ta ba, ya mayar masa da hotonsa. Duk abin da ya fito daga wuƙarsa kuwa, matarsa Kalekye ce take goge shi da samfefa a rumfar mata, ta shafa masa man takalmi har ya yi ƙyalli. Haka suka yi shekara talatin da ɗaya.

Yana da shekara hamsin da shida ya ji wani tauri kamar ƙwayar wake a mazakutarsa. Idan ta miƙe sai ta yi zafi, kuma ta fara karkata sama da hagu. Maimakon ya faɗa wa matarsa, sai ya kwashe bargonsa ya koma ɗakin ajiyar masara, ya ce tari yake yi, ba ya son hana ta barci. Ba a taɓa jin tarin ba. Kalekye ta yanke hukunci cewa ya gaji da ita ne, ta kuma sanar da shi cewa ranar Kirsimeti za ta koma wurin 'yarsu Nzisa a Mombasa, tafiyar da babu dawowa.

A ranar ce ya gaya mini, yana kallon ƙasa, ni kuma na ja shi zuwa asibiti a Machakos.

Likitan ya duba shi, ya ce tabo ne ya taru a ciki. Wurin da tabon yake ba ya miƙewa tare da sauran, shi ya sa abin yake lanƙwasa zuwa wannan gefen. Ba ciwon daji ba ne, kuma ba a ɗauka. Zafin yakan tafi da kansa, amma karkatar takan ci gaba har shekara ko fiye, kuma ba a aiki sai ta tsaya wuri ɗaya. Ya ba shi maganin zafi, sannan ya ce ya riƙa ɗaukar hoto kowane wata domin a auna.

"Hoton me?" in ji Kisilu.

"Hotonta, Baba, idan ta tashi."

"Likita, waya mai ɗaukar hoto ɗaya ce a gidana, ta matata ce, kuma da ita take tura wa matan coci saƙo. So kake a tashe ni tsaye ranar Lahadi?"

"To, ka san yadda za ka yi. Ni dai ina son in gani."

Kisilu ya san yadda zai yi. Ranar ɗaya ga kowane wata sai ya zagaya bayan rumfa da guntun icen jakaranda, ya sassaƙa abin da ya gani da safe, ba ragi ba ƙari. Ni nake rubuta sunan watan a gindin kowane, domin rubutuna ya fi nasa tsabta. Suka cika shida a cikin wani buhu.

Mako biyu kafin Kirsimeti motar ɗan kasuwan da ke sayen sassaƙarmu ta kusa zuwa daga Nairobi, muna wurin sayen itace, Kalekye ta zo ta kwashe duk buhunan da ke rumfarmu domin a goge, har da wannan. Ta juye shi a tabarma a tsakiyar mata goma sha ɗaya.

"Maman Nzisa, mijinki ya bar raƙuman dawa ya koma ayaba?" in ji Syokau, tsohuwar da ta fi kowa baki.

"Abin rataye hula ne, Turawa suna so," in ji wata.

"Hular wa? Ke yarinya, yaushe aka yi miki aure?" in ji Syokau.

Kalekye tana dariya tana gugar na huɗu, sai yatsanta ya tsaya a kan wani ɗan ƙullutu a gefe. Tawadar Allah ce da ta sani a jikin mijinta, kuma Kisilu bai iya tsallake ta a sassaƙa ba. Ta duba sauran biyar, kowane da tasa a wuri ɗaya. Ta jera su bisa watannin da na rubuta, ta kalle su daga na farko zuwa na ƙarshe, sannan ta tattara su ta ɗaure bakin buhun.

"Ina za ki da su? Bar mini ƙaramin!" in ji Syokau.

Ta same mu a rumfa, ta dire buhun a gaban Kisilu.

"Baban Nzisa, wannan ne tarin?"

"Maman Nzisa, sassauta murya."

"Ba zan sassauta ba! Wata takwas ina duba fuskata a madubi, har gashina na rina, ashe kai kana nan kana yi wa ciwo mutum-mutumi? Wannan mai giwayen ya sani, ni ban sani ba?"

"Kunya na ji."

"Kunyar wa? A hannun baƙuwa ka ajiye shi shekara talatin?"

Washegari mu uku muka shiga matatu, wato ƙaramar motar haya, buhun yana kan cinyarta. Ta ƙarasa gugar duka shidan, ta shafa musu mai, domin ta ce ba a kai wa babban mutum aikin da ba a gama ba.

Likitan ya jera su a kan teburinsa, ya cire tabarau ya goge idanu, ya kira abokin aikinsa ya gani. Ya auna su da ma'aunin kwana irin na 'yan makaranta. Na farko digiri talatin, na biyu arba'in, na uku hamsin, ukun ƙarshe kuma hamsin da biyar cif. Ya ce karkatar ta tsaya. Idan wata uku suka ƙara wucewa a haka, za a tsuke gefen da ya fi tsawo da zare, kamar yadda tela yake yi wa wando. Yawancin mutane sukan miƙe yadda za su kwana da matansu ba wahala, ko da an bar 'yar karkata. Sai dai tsawon zai ragu da kamar faɗin yatsa.

"Wane yatsa?" in ji Kisilu. "Nuna mini."

"Likita, ɗebe," in ji Kalekye. "Ba gasa za mu kai shi ba."

Ta yi Kirsimeti a Wamunyu, shi kuma ya kwaso bargonsa. An yi aikin a watan Afrilu, likita ya kafa masa doka ta mako shida: babu kusantar iyali. Kalekye ta yi jinyarsa kwana goma, ta ga ya fara binta da ido tana tankaɗen gari, sai ta haɗa jaka ta tafi Mombasa, ta ce ba za ta zauna ta ɓata ɗinkin likita ba.

Kisilu ya rame. Ya ce mini dabara ce, ta samu hanyar tafiya ke nan. Ranar da mako shida suka cika ya ƙi taɓa gizago, ya zauna a bakin titi tun hantsi. Matatu ta uku ce ta sauke ta, da buhun kwakwa a ka. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Tashi ka karɓi kayan nan, tsoho. Ko shi ma likita ya hana?"